Hannun da Ya Ƙi Ramawa: Ekklesiyar 'Yan'uwa da Aƙidar Ƙin Ɗaukar Makami

Ranar 29 ga watan Oktoba na shekarar 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi, suka kafa tutarsu, har suka raɗa wa garin sabon suna. A ranar ce kuma suka mamaye Kwarhi, wani ɗan ƙaramin gari kusa da Mararrabar Mubi, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wadda aka fi sani da EYN, tare da kwalejin da take horar da fastocinta. Malamai da ɗalibai da mata da yara suka fantsama daji, kowa ya yi ta kansa, shugabannin cocin kuwa suka koma zaman gudun hijira a Jos. Wata shida kafin nan, a daren 14 ga Afrilu, an kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, kuma mafi yawansu 'ya'yan wannan cocin ne. Yankin da EYN ta fi yawan mabiya, wato kudancin Borno da arewacin Adamawa, daga Gwoza da Chibok da Askira zuwa Madagali da Michika da Hong, shi ne daidai inda wutar ta fi ci. Dubban mabiyanta sun ƙetare duwatsu sun ƙare a sansanin Minawao na Kamaru. A lissafin da shugabannin cocin suka bayar a 2020, an kashe musu mutum fiye da 8,000, kimanin 700,000 sun bar gidajensu, an ƙone ko an rushe ɗaruruwan majami'u.

Abin da ya sa labarin wannan coci ya cancanci a tsaya a kansa shi ne abin da bai biyo baya ba. A ƙasar da aka saba jin an kashe goma a wannan unguwa da hantsi, an kashe ashirin a waccan kafin la'asar, cocin da ke sahun gaba wajen asarar rayuka bai kafa rundunar ramuwa ba, bai kuma ce wa mabiyansa su huce a kan Musulmin da ke maƙwabtaka da su ba. Kiran da shugabanninsa suka yi ta nanatawa shi ne azumi da addu'a, har da yi wa waɗanda suka kore su addu'a. Mai hange daga nesa zai ce ai rashin ƙarfi ne, wanda aka danne ba shi da zaɓi sai haƙuri. To amma a bayan wannan shiru akwai aƙida mai shekara fiye da 300, wadda ta ce bai halatta mabiyin Almasihu ya ɗauki ran mutum ba, ko da maƙiyinsa ne. Ra'ayina shi ne, irin wannan haƙuri ba a ƙera shi ranar da bindiga ta tashi. Tarbiyya ce ta yau da gobe, wadda ake ginawa da addu'a da wasu ƙananan al'adu na zaman tare. Wanda duk ya auna ta da ko ta tsayar da harsashi zai same ta babu nauyi, domin aikinta yana wani wurin: hana wanda aka zalunta yau ya zama mai zaluntar wani gobe.

Asalin cocin yana can Jamus. A shekarar 1708, a wani ƙauye da ake kira Schwarzenau, mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka shiga kogin Eder suka yi baftisma, suka kira junansu 'yan'uwa. Sun ɗebo da yawa daga tafarkin wata tsohuwar ƙungiya da ta ɓulla a Zurich a 1525, wadda maƙiyanta suka yi wa laƙabi da masu sake baftisma, saboda sun ce imani zaɓi ne na baligi, ba a yi wa jariri shi. Waɗannan mutane sun ƙi rantsuwa, sun ƙi ɗaukar takobi, hukumomin Katolika da na Furotesta kuwa suka haɗu a kan kashe su. Labarin da zuriyarsu ba ta gajiya da bayarwa shi ne na Dirk Willems, wani ɗan ƙasar Holan da ya tsere daga kurkuku a 1569, ya bi ta kan wani tafki da sanyi ya daskarar. Shi ya ƙetare, amma ƙanƙarar ta fashe da mai bin sa. Da ya ji ihun mutumin sai ya juyo ya miƙa masa hannu ya tsamo shi. Nan take aka sake kama shi, aka ƙone shi da ransa ranar 16 ga Mayu. Tsanani ya kori 'Yan'uwan Schwarzenau zuwa Amurka tun daga 1719, inda daga baya aka riƙa lissafa su tare da Mennonawa da Kwekawa a matsayin tsofaffin cocin zaman lafiya guda uku. Daga can ne Stover Kulp da Albert Helser suka taso, suka yi sujadarsu ta farko a Garkida, cikin ƙasar Bura, a gindin wata tsamiya, ranar 17 ga Maris na 1923. Suka gina makarantu da asibitoci, har da na kutare. Ko zazzaɓin Lassa ma a asibitin mishan ɗinsu na garin Lassa aka fara gano shi a 1969.

Hujjar 'Yan'uwa ta ƙin makami ba mai wuyar fahimta ba ce, aiki da ita ne mai wuya. Suna kafa ta ne a kan huɗubar da Yesu Almasihu ya yi a kan dutse, wadda ke cikin Bisharar Matta daga sura ta 5 zuwa ta 7, inda ya hana almajiransa rama mugunta, ya umarce su su ƙaunaci maƙiyansu su kuma yi musu addu'a. Suna ƙarawa da cewa a daren da aka zo kama shi, da wani almajirinsa ya zare takobi, shi da kansa ya tsawata masa. Mai karatu Musulmi ba zai rasa inda ya taɓa jin makamancin wannan ba, domin Alƙur'ani ya ba da labarin ɗan Annabi Adamu da ya ƙi miƙa hannu ga ɗan'uwansa mai shirin kashe shi, ya kuma halatta ƙisasi amma ya ɗaukaka afuwa. Bambancin shi ne, abin da Musulunci ya bari a matsayin falala ga wanda ya iya, su 'Yan'uwa sun ɗauke shi wajibi. Kuma a faɗi gaskiya, mafi yawan Kiristocin duniya ba su bi su a kan haka ba. Rigimar tsohuwa ce, kuma abin sha'awa, manyan shaidunta biyu duka 'yan Afirka ta Arewa ne. A shekarar 295 aka fille kan wani saurayi mai suna Maximilian a Tebessa, cikin Aljeriya ta yau, saboda ya ce shi Kirista ne ba zai shiga sojan Rum ba. Bayan kamar shekara ɗari, lokacin da sarakunan Rum ɗin suka riga suka karɓi Kiristanci, Augustine, bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu, ya koyar da cewa hukuma tana iya yin yaƙi na adalci domin kare marasa ƙarfi. Fahimtar Augustine ce ta yi rinjaye, ita ce kuma Katolika da Angalika da galibin sauran coci-coci suke kai har yau. 'Yan'uwa tsiraru ne, sun kuma san haka.

To yaya ake mai da umarni mai nauyi irin wannan ya zama hali? A nan ne addu'a take shigowa, kuma a nan ne ake yawan yi mata gurguwar fahimta. Akwai wata gajeriyar addu'a da Kirista ke kira Addu'ar Ubangiji, wadda yaro ke hardacewa tun bai iya ɗaure wando ba, ake kuma karanta ta a gida da coci da makaranta. A tsakiyarta mai addu'a yana roƙon Allah Ya yafe masa gwargwadon yadda shi ma yake yafe wa waɗanda suka yi masa laifi. Wanda ya tsaya ya yi tunani zai ga cewa wannan sharaɗi ne mutum yake gindaya wa kansa da bakinsa. Matar da ta kwana da kishiyar sana'arta a rai, ko manomin da ya kwana yana ƙulla wa maƙwabcinsa, in ya furta wannan addu'a da asuba, ko dai ya saki abin da ya riƙe ko ya san cewa ya roƙa wa kansa a riƙe shi. Haka ma yi wa maƙiyi addu'a. Ba a cewa addu'ar za ta narkar da zuciyar ɗan bindiga, ko da yake masu imani suna fatan haka. Tasirinta na kusa yana kan mai yin ta. Kisan ramuwa yana buƙatar a fara shafe fuskar mutum tukuna, a mai da shi "su", a haɗa shi da duk mai irin sunansa ko irin tufafinsa. Mutumin da ka saba ambata a gaban Allah kana roƙa masa shiriya yana da wuyar shafewa. Zumuntar Matan Ekklesiya, wato ƙungiyar matan cocin da aka sani da waƙoƙinsu na Hausa da kiɗan tulu da anko, ita ce babbar makarantar wannan horo, domin a taronsu ne gwauruwa take kawo kukanta a bainar 'yan'uwanta maimakon ta kai shi kunnen ɗanta saurayi da dare.

Bayan addu'a akwai al'adu biyu da 'Yan'uwa suka gada. Ta farko ita ce wankin ƙafa, wanda suke yi tare da Jibin Ubangiji, suna koyi da abin da Bisharar Yahaya ta ce Yesu ya yi wa almajiransa. Maza a gefe, mata a gefe, a kawo ruwa a kwano, mutum ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa, ya ɗauki ƙafar na kusa da shi, ƙafar da ta sha ƙurar hanya da faso, ya wanke ya share, sannan shi ma a yi masa. Ba ka zaɓen wanda zai zauna kusa da kai. Yana iya zama shugaban makaranta, yana iya zama wanda akuyarsa ta cinye maka gyaɗa bara. Kuma bisa koyarwarsu bai kamata mutum ya zo wannan zama da gaba a zuciyarsa ba, sai ya fara neman sulhu. Al'ada ta biyu daga sura ta 18 ta Bisharar Matta take: wanda aka yi wa laifi shi ne zai tashi ya sami mai laifin su biyu kaɗai, in abin ya ƙi, ya koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi kuma, sai a kai gaban jama'ar coci. A lura da inda aka ɗora nauyin. An hana mai ƙorafi ya fara da yaɗa maganar a majalisa ko a bakin rijiya, an tilasta masa ya kalli idon abokin rigimarsa. Rikicin iyakar gona da bashin da aka ƙi biya da maganar da aka ce an ce su ne filin atisaye. Wanda bai taɓa yafe buhun masara ba, ba a sa ran zai yafe jini.

Sukar da ta fi saurin zuwa baki ita ce tsoro ne aka yi wa ado da ayoyi. Wannan ba ta da ƙarfi, ba zan daɗe a kanta ba. Matsoraci ba ya juyowa kan ƙanƙara ya ceci mai farautarsa. A watan Janairu na 2020 Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban Ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar Michika. A hoton bidiyon da suka fitar ya yi magana a natse, bai zagi masu riƙe da shi ba, bai kuma bar imaninsa ba, suka kashe shi a cikin watan. Ana iya cewa mutum irin wannan ya yi kuskure a fahimta, amma kalmar tsoro ba ta hau shi ba.

Suka ta biyu ita ce mai nauyi, kuma duk wanda ya yi mata amsar gaggawa bai ji ta da kyau ba. Wa ya ƙwato Mubi? Sojoji ne da maharba da 'yan banga, a tsakiyar watan Nuwamba na 2014, kuma da bindiga suka ƙwato ta. Da ba su yi ba, da 'Yan'uwa ba su koma Kwarhi ba. Ashe ke nan mai ƙin makami yana barci ne a inuwar makamin wani, ya tsira da tsabtar hannunsa ya bar wa ɗan wani zunubin? Sannan akwai abin da ya fi wannan ciwo. Mutum yana da ikon ya ba da ransa, amma wa ya ba shi ikon ya tsaya yana kallo a tafi da 'yarsa? Wannan tambaya ce ta fitar da masanin tauhidin Amurka Reinhold Niebuhr daga sahun masu ƙin yaƙi a shekarun 1930, ita ce kuma ta kai fasto Dietrich Bonhoeffer, wanda ya yi rubutu mai zurfi a kan huɗubar kan dutse, ga shiga cikin masu ƙulla kawar da Hitler, har aka rataye shi a Afrilun 1945. A gida ma, bayan harin bam na ranar Kirsimeti ta 2011 a cocin Madalla, shugaban CAN na lokacin, Ayo Oritsejafor, ya ce Kirista za su kare kansu, kuma a Maris na 2018 Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu domin ba za su iya dogara da sojoji ba. Masu goyon bayan gwagwarmayar lumana sukan kawo binciken Erica Chenoweth da Maria Stephan na 2011, wanda ya duba gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, ya samu cewa na lumana sun yi nasara kashi 53 cikin ɗari, na makami kuwa kashi 26. Binciken yana da daraja, sai dai a kan jama'a masu fuskantar gwamnatoci da 'yan mamaya aka yi shi. Yajin aiki da zanga-zanga ba su da abin da za su yi wa mutanen da suka zo da babura da tsakar dare. Aƙidar ƙin makami ba tsarin tsaron ƙasa ba ce, kuma wanda ya sayar da ita a haka ya yi algus.

Amma yarda da wannan bai rufe maganar ba, domin sukar ta ɗauka cewa idan talakan da aka zalunta ya ɗauki makami, a kan azzalumin zai sauke shi. Tarihinmu na kusa ya nuna akasin haka. A watan Fabrairu na 2004 aka kashe Kiristoci da dama a Yelwa ta ƙaramar hukumar Shendam a jihar Filato, da yawansu a harabar coci. A farkon watan Mayu aka kai harin ramuwa garin, aka kashe ɗaruruwan Musulmi. Bayan kwana kaɗan wuta ta tashi a Kano, aka far wa Kiristocin da galibinsu ba su taɓa taka Yelwa ba, har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato ranar 18 ga Mayu. A watan Yuni na 2012, bayan an tayar da bama-bamai a coci-coci a Zariya da Kaduna, matasa suka tare hanyar Abuja suna zaƙulo matafiya Musulmi. A kowane mataki masu kisan sun ce kare kai suke yi ko rama wa 'yan'uwansu. A kowane mataki kuma wanda ya dasa bam ko ya jagoranci hari ya riga ya yi nisa, wanda hannu ya kai gare shi shi ne mai shayi da direban tanka da ɗan tireda. Tsakanin kare kai da ɗaukar fansa akwai iyaka a littafi, amma a kan titi, ranar da aka jera gawawwaki, ba mai ganin ta. Su kuwa Boko Haram ba su ɓoye burinsu na haɗa Musulmi da Kirista faɗa ba, kuma sun kashe Musulmi da limamansu ba adadi. Yanzu a ɗauka cewa mutum 700,000 da aka kora daga gidajensu, waɗanda suka bazu a Yola da Jos da Abuja da Jalingo, sun isa can da huɗubar fansa a kunnuwansu. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane abin da haƙurinsu ya sauƙaƙa wa Arewa baki ɗaya. Sojan da ya ƙwato Mubi ya yi wani aiki da mai addu'a ba zai iya ba. Shi ma mai addu'ar ya yi wani aikin da soja ba zai iya ba, domin babu bataliyar da za ta iya tsare kowane mai shayi daga maƙwabcinsa.

Kuma ƙin ɗaukar makami bai taɓa nufin naɗe hannu ba a al'adar 'Yan'uwa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu samarinsu a Amurka da suka ƙi shiga soja sun yi aikin ƙasa a madadinsa, a gandun daji da asibitocin masu taɓin hankali. Wani ɗan cocin mai suna Dan West, da ya gaji da rabon madarar gari ga yara a yaƙin basasar Sifen, ya kawo shawarar a riƙa ba iyalai karsana da sharaɗin su miƙa 'yar da ta haifa ga wani gidan. A 1944 aka tura karsana 17 na farko zuwa Puerto Rico. Bafulatanin Nijar da ya san habbanaye, wato irin wannan al'ada ta aron saniya, zai yi murmushi, don kakanninsa sun riga Bature. A Mubi, 'yan EYN da Musulmin garin sun kafa wata ƙungiyar haɗin gwiwa da ake kira CAMPI, kuma a 2016 cocin da ƙungiyar suka karɓi lambar zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus. A Gurku, cikin jihar Nasarawa, wani ma'aikacin cocin, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsuguni inda 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista suke zaune wuri ɗaya da gangan, a daidai lokacin da garuruwa irin su Kaduna da Jos suka rabu unguwa-unguwa bisa addini. Ba su kaɗai ke da wannan hali ba, kuma zalunci ne a nuna kamar haka ne. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a wani rikici a 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, sun ajiye gabarsu suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna, su ne ma suka shiga tsakani a Yelwa. A Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barkin Ladi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ba ko sanda a hannunsa.

Akwai suka ta uku, wadda ta fi fitowa daga cikin gida, kuma ina ganin tana da gaskiya fiye da yadda masu wa'azi suke so su amsa. Yafiya tana iya zama bargon da ake lulluɓe rashin adalci. Gwamnatin da ta kasa tsare ƙauye tana jin daɗin jama'ar da ke cewa mun bar wa Allah. Faston da ke gaggawar cewa gwauruwa ta yafe tun ba a share makoki ba yana ɗora mata kaya na biyu a kan na farko. Ko Amishawan Amurka, dangin 'Yan'uwa a aƙida, waɗanda duniya ta yi mamakinsu a Oktoban 2006 da suka je ta'aziyya gidan mutumin da ya harbe 'yan matansu biyar a makarantar Nickel Mines, sun nuna cewa furta yafiya abu ne na rana ɗaya, amma zuciya takan ɗauki shekaru tana bin bayan baki. Amsar da ta dace ita ce a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Yafewa ita ce mutum ya sauke haƙƙinsa na ramawa da hannunsa. Ba ta ɗauke wa hukuma nauyin bincike da hukunci ba, ba ta kuma ce a manta ba. Dokta Rebecca Dali, wadda ta kafa ƙungiyar agaji ta CCEPI, ta kuma sami lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017, ta shafe shekaru tana tattara sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, dubbai, ɗaya bayan ɗaya. Shugabannin cocin kuma sun sha kiran taron manema labarai suna tuhumar gwamnati da sakaci. Mai rubuta sunan mamaci don kada ya ɓace yana neman adalci ne ta hanyar da ba ta buƙatar gawar wani.

Kada kuma a zana hoton da ya fi gaskiya kyau. EYN coci ne na mutane masu jini a jika, ba kowane mabiyinsa ne ya rungumi aƙidar ƙin makami yadda Alexander Mack ya fahimce ta ba. Akwai 'ya'yansa a soja da ɗan sanda, kuma a ƙauyukan da hari ya zama na kullum ba abin mamaki ba ne a sami saurayin da ke rera waƙa ranar Lahadi yana sintiri da bindigar toka ranar Litinin. Muhawarar tana nan da ranta a tsakanin fastoci da matasa, kuma kowane sabon hari yana ƙara wa masu cewa haƙuri ya isa hujja. Yaron da aka goya aka gudu da shi daga Gwoza a 2014 yanzu ya tasa, ya girma a sansani, bai san gonar ubansa ba sai a labari, kuma shi ne za a ce wa ya durƙusa ya wanke ƙafar wani, ya kuma roƙa wa wanda ya mai da shi maraya shiriya. Ko zai karɓa ko ba zai karɓa ba, wannan ya dogara da abin da yake ji a bakin uwarsa da malaminsa kowace safiya, da kuma ko ƙasar za ta nuna masa cewa akwai wata hanyar samun haƙƙi ban da tasa. A watan Fabrairu na 2020 maharan suka shiga Garkida kanta, suka ƙone majami'ar EYN da wasu gine-gine a garin da aka fara sujada a gindin tsamiya. A Maris na 2023 cocin ya yi bikin cika shekara 100, hedikwatarsa tana Kwarhi inda aka kore ta, wasu daga cikin 'yan matan Chibok kuwa har lokacin ba su dawo gida ba.